Furen daylily mai maimaita fure a zafin Sakkwato: me ya hana shi, kuma yaya za a yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara ƙanena ya kawo mini gindi uku na furen da ake kira daylily daga Jos, mai sayarwar ya ce masa irin mai maimaita fure ne. Na dasa su a tsakar gidana a Mabera, jikin katangar da rana ke duka da la'asar. Sun yi fure sau ɗaya. Da bazara ta zo ganyen ya ƙone, a cikin marka kuma ɗaya ya ruɓe. Biyun da suka rage ganye kawai suke yi. Ga shi damina ta wuce, me zan yi su riƙa fure?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Mai sayarwar mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar Jos ce. Maimaita fure hali ne da shukar take nunawa idan ta ƙoshi kuma saiwarta tana cikin sanyi. A Sakkwato, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 kwana da kwanaki, shukar takan ƙarar da abincin da ta tara wajen neman tsira, babu abin da zai rage na fure. Saboda haka aikinki na farko shi ne fitar da ita daga bazara da ƙarfinta. Idan an samu wannan, fure na biyu yana zuwa ba tare da wata dabara mai yawa ba.

Kafin komai ki tabbatar da abin da ke hannunki, domin masu sayar da furanni kusan duk mai dogon ganye lili suke ce masa. Ki tona gefen gindi ɗaya a hankali. Idan kin tarar da dunƙulallen kai irin na albasa, wannan wata shuka ce daban, dangin albasar kwaɗi, kuma kulawarta daban. Wanda muke magana a kai, wato Hemerocallis a wurin masana tsirrai, ba shi da albasa. Saiwoyi ne da shi masu kauri, wasu sun kumbura a tsakiya ko a ƙarshe, a ciki yake ajiye ruwa da abinci. Ganyensa suna fitowa dama da hagu kamar mafici, kowane irin wannan tarin ganye shi ne kai ɗaya. Tsakanin ganye da saiwa akwai wani ɗan farin wuri mai tauri, shi ne wuya, kuma ran shukar yana wurin. Fure ɗaya yini ɗaya yake yi ya yanƙwane, amma sandar fure ɗaya tana ɗauke da ƙulli da yawa masu buɗewa bi da bi, shi ya sa gindi mai lafiya yakan yi makonni yana ado.

Asalin shukar daga gabashin Asiya ne, Sin da Koriya da Japan. Yawancin irin da ake sayarwa yau an samar da su a Amurka ta hanyar barbara, kuma waɗanda aka yi wa rajista sun haura 80,000. Wanda ya fi suna cikin masu maimaita fure shi ne Stella de Oro, gajere mai fure ruwan ɗorawa, wanda Walter Jablonski ya fitar a 1975. Sai Happy Returns na Darrel Apps a 1986. Duk wanda ya bincika intanet waɗannan biyun za a fara nuna masa, kuma a nan ne mutanen ƙasashe masu zafi suke asarar kuɗinsu, domin dukansu suna cikin rukunin da ke barci da sanyi.

Rukuni uku ne. Akwai wanda ganyensa ke mutuwa ƙurmus idan sanyi ya shigo, ya kwanta a ƙasa wata biyu ko uku sannan ya farfaɗo da ƙarfi. Akwai wanda ganyensa kore ne duk shekara. Akwai na tsaka-tsaki. Na farkon an gina shi ne a kan hunturu mai ƙanƙara, kuma ɗarin Sakkwato, ko a Disamba da Janairu da ake rawar sanyi da asuba, bai isa ya ba shi hutun da yake bukata ba. Ba ya mutuwa nan take. Shekara ta farko zai yi fure da guzurin da ya zo da shi, ta biyu ganyen ya ƙanƙance, ta uku a neme shi a rasa. Idan shukar ta zo da takarda, ki duba gajerun alamomin da ake rubutawa: Dor na mai barci ne, Ev na mai kore kullum, Sev na tsaka-tsaki, Re kuma yana nufin mai maimaita fure. Abin da ya dace da mu shi ne Ev tare da Re. Joan Senior, mai fure kusan fari, wanda aka fitar a jihar Luwiziyana mai zafi a 1977, misali ne na wannan. A launi kuma, ruwan ɗorawa da ruwan lemo da fari-fari sun fi jure rana. Ja mai duhu da shunayya suna shan zafi, kafin azahar sun koɗe sun yi laushi.

Naki ba su da takarda, don haka halinsu za ki duba. Idan a hunturun da ya wuce sun ci gaba da fitar da sabon ganye daga tsakiya, alama ce mai kyau. Idan sun bushe gaba ɗaya a Disamba alhali kina ba su ruwa, masu barci ne, kuma shawarata kada ki ɗora musu buri. In za ki ƙara wasu, gindin da aka raba daga gidan da ya riga ya ci bazara biyu a Sakkwato ko Birnin Kabi ko Gusau ya fi duk wani mai suna da za a turo daga nesa. Shigo da shuka daga ƙasar waje kuwa sai da izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, NAQS.

Wurin da kika dasa su shi ne babban abin da ya cutar da su. Littattafan lambu na Turai da Amurka suna cewa a ba shi rana awa 6 zuwa sama, amma ranarsu ba tamu ba ce. Katangar siminti da ta sha ranar la'asar tana ci gaba da fitar da zafi har bayan isha, don haka shukar ba ta samun sauƙi ko da dare. Ki mayar da su jikin katangar da fuskarta ke kallon gabas, inda za su sha hantsi sannan inuwa ta rufe su idan rana ta karkata. Ki bar tazarar rabin mita tsakaninsu da katangar. Inuwar dogon yaro tana da amfani idan daga nesa take faɗowa da yamma, amma kada ki dasa a ƙarƙashinsa, saiwarsa za ta shanye ruwan da takin. Daga farkon Maris zuwa saukar ruwa ki kafa musu 'yar rumfa ta zana mai shara-shara ko ragar inuwa mai tare kusan rabin haske, tsayinta ya kai mita ɗaya da rabi don iska ta riƙa ratsawa. Da damina ta kankama ki cire. Mutane da yawa sukan bar rumfar shekara guda, sai ganye ya yi tsawo ya yi kyau, fure kuwa babu.

Yanzu, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, shi ne lokacin da ya fi dacewa da wannan ƙaura. Zafin kaka yana sauka, kuma shukar tana da kusan wata huɗu na sanyi ta kafa saiwa kafin Maris. Dashen bazara kashe shuka ne, dashen Agusta kuma gayyatar ruɓa.

Ki haƙa rami mai faɗin santimita 40 da zurfin 30 ga kowane gindi, tsakanin rami da rami santimita 50. Ƙasar yawancin gidajen Sakkwato jigawa ce, ruwa yana zurarewa da taki tare. Ki haɗa kashi biyu na ƙasar ramin, kashi ɗaya na ƙasar fadama irin ta bakin gulbin Rima, da kashi ɗaya na takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sosai, ya yi baƙi, ya daina wari da ɗumi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, musamman kashin kaji. Idan kin ci karo da ɓaraguzan gini ko farin tsakuwa a ramin, ki kwashe su duka. Shukar tana son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, awon pH 6 zuwa 6.5, yankinmu kuwa yana da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina. Inda farar ƙasa ta yi yawa, sabon ganye yakan fito rawaya jijiyoyinsa kore, domin saiwar ta kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe. Saboda wannan dalili kada ki zuba musu tokar murhu.

Ki tono gindin da yamma, ki kaɗe ƙasar, ki yanke duk saiwar da ta mutu, ki rage ganyen zuwa tsawon santimita 15. Idan saiwar ta yi yaushi ki jiƙa ta awa 2 zuwa 3 a ruwa. A tsakiyar ramin ki tara ɗan tudu, ki ɗora shukar a kai, ki baza saiwoyin su gangara ta kowane gefe, sannan ki rufe. Wuyan kada ya nutse fiye da santimita 2. Wannan awon ƙarami ne amma da yawa a kansa suke faɗuwa: shukar da aka binne da zurfi tana yin ganye ta ƙi fure, kuma ita ce ke fara ruɓewa idan marka ta zo. Yana da kyau fangalin duka ya ɗara tsakar gida da kamar santimita 10, yadda ruwan sama ba zai kwanta a kansa ba. Ki danne ƙasar da hannu, ki ba da ruwa sosai, washegari ki sake duba wuyan, domin ƙasa takan zauna ta ja shi ciki.

Lissafin ruwa da jarka ya fi sauƙi. Jarka ɗaya mai lita 25 idan aka zuba ta a fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, daidai take da ruwan sama na santimita 2 da rabi, kuma irin wannan fili gindi huɗu yake ɗauka. Wato kowane gindi lita 6 ke nan a shayarwa ɗaya. Da hunturu ki yi haka duk bayan kwana 4 ko 5. Daga Maris zuwa Mayu ki yi duk bayan kwana 2, in kuma ƙasar yashi ce ƙwarai, lita 3 zuwa 4 kullum. Da damina sai an yi kwana 5 ba ruwa. Kada ki dogara da ido, ki tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu: idan da danshi ki bari, idan a bushe take ki ba da. Lokacin shayarwa shi ne bayan sallar asuba, a gindi, ba a kan ganye ba. Ruwan tanki da ya wuni a rana yakan yi zafin da zai dafa saiwa, ki tara shi a randa ko a inuwa ya huce. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum yana jawo saiwa sama inda ƙasa ta fi zafi, gara a ba da mai yawa ya nutse.

Ruwan wanki mai omo bai dace da su ba. Na alwala da na wankin shinkafa babu laifi. Idan ruwan burtsatsenku mai nauyi ne, za ki ga farin ɓawo a saman ƙasa da bakin ganye yana ƙonewa. Sau ɗaya a wata a lokacin rani ki ninka ruwan sau uku a shayarwa guda, ya wanke gishirin ya gangara ƙasa da saiwa.

Abin da na fi so ki riƙe a duk wannan bayani shi ne rufe ƙasa. Yashin da ba a rufe ba da tsakar ranar Afrilu ko tafin ƙafa ba ya iya taka shi, saiwar wannan shuka kuwa yawancinta a saman ƙasa take. Ki shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa ko busasshen ganyen dogon yaro mai kaurin santimita 5 zuwa 7 a kan fangalin duka, amma ki bar faɗin yatsu uku a kewayen wuya babu komai. Karan gero da na dawa suna kiran gara, gara ki guje su, kuma duk mako ki ɗaga shimfiɗar ki duba. A Agusta ki rage kaurinta zuwa rabi don ƙasa ta sha iska.

Taki sau uku a shekara ya isa. Kamfa, wato NPK 15-15-15, babban cokali ɗaya, kusan giram 15, ga gindin da ya girma, rabin haka ga sabon dashe, shi ma sai ya yi wata guda ya fara sabon ganye. A zagaya shi nesa da wuya da santimita 15, a rufe da ƙasa, a bi da ruwa nan take. Na farko a Nuwamba ko Disamba, na biyu idan damina ta zauna a ƙarshen Yuni, na uku da zarar zagayen fure ya ƙare, domin shi ne ke ciyar da sandar da za ta biyo baya. Daga Maris zuwa Mayu kada ki sa takin zamani ko ƙwaya ɗaya, shukar da ke fama da zafi ba ta iya amfani da shi, sai dai ya ƙone ta. Yuriya kuma ki bar wa masara. Tana sa ganye ya yi laushi ya cika da ruwa, fure ya ragu, ruɓa ta samu ƙofa.

Idan fure ya zo, kowace safiya ki tsinke na jiya tare da ɗan kumburin da ke gindinsa, domin shi ne ke zama kwanson iri. Kwanso yana cin kusan mako 6 zuwa 8 kafin ya nuna, kuma duk wannan lokacin shukar a kansa take aiki. Ki kula kada ki haɗa da ƙullin da bai buɗe ba: ƙulli dogo ne mai santsi, kwanso gajere ne mai kusurwa uku. Sandar da ta gama ki yanke ta da wuƙa mai tsabta santimita 5 sama da wuya, kada ki fizge ta tana ɗanya. Ganye mai kore kada ki taɓa shi, shi ke dafa abincin zagaye na gaba. Sandar da ta fito a tsakiyar bazara sau da yawa ƙullinta yakan bushe ya zube kafin ya buɗe. Idan gindin ƙarami ne, ki yanke ta tun da wuri ki tanada ƙarfin don damina. Kuma a shekarar da aka yi dashe ko aka raba, kada ki jira fure na biyu, shukar sai ta kafu take maimaitawa.

Wanda ya ruɓe miki a marka, ruɓar wuya ce. Zafi da ruwan da ya kwanta da rauni a jikin shuka su ke haɗuwa su kawo ta. Alamarta ganye ya yi rawaya farat ɗaya, in an ja shi ya zare da sauƙi, gindin ya yi laushi yana wari. Da kin gani ki tono shi a ranar, ki yanke ruɓaɓɓen har sai kin kai fari mai tauri, ki tsoma sauran minti 10 a ruwan bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 9, ki ɗauraye, ki shanya a inuwa kwana 2, sannan ki dasa a sabuwar ƙasa. Ƙasar tsohon ramin ki kwashe ki fitar daga lambun. Wani lokaci ana ceto shi, wani lokaci ya riga ya wuce, amma ko ba komai an kare na kusa da shi.

Da hunturu da bazara abokin gabar shi ne wani ƙanƙanin ƙwaro ja da ke zama a bayan ganye, ido da ƙyar yake ganinsa. Ƙura da bushewar iska yake so. Ganye yakan yi ɗigo-ɗigo fari sannan ya koma ruwan toka, wani lokaci da 'yar saƙa siririya. Ki riƙa wanke bayan ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi da sassafe sau biyu a mako. Idan ya yi yawa, ki daka ƙwayar 'ya'yan dogon yaro giram 50, ki jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ta kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu, ki fesa bayan la'asar duk mako har sau uku. Wannan haɗin yana rage darɓa da ƙananan ƙwarin nan da manoman albasa suka sani, masu sa fure ya fito a murɗe. Maganin feshi mai ƙarfi na gona yakan kashe ƙwarin da ke cinye wannan jan ƙwaro, sai ya dawo fiye da da. Da damina kuma ki duba tsatsar ganye: ki goga farin ƙyalle a bayan ganyen, idan ya ɗebo gari ruwan lemo, ki yanke ganyen duka ki ƙone, ki daina jiƙa ganye.

Akwai gargaɗin da ba na so ya wuce ki. Wannan shuka guba ce mai tsanani ga kyanwa, ganyenta da furenta har garin da ke cikin furen. Ɗan kaɗan yana iya lalata mata ƙoda cikin kwana 2 ko 3. Idan kin ga ta tauna, ki kai ta wurin likitan dabbobi a ranar, kada ki jira sai ta fara amai. Awaki da tumaki kuwa su ne barazana ga shukar, suna cinye ta har ƙasa, don haka shinge wajibi ne a gidan da ake kiwo.

Idan tsakar gidan duk siminti ne, tukunya za ta yi, har ma tana da fa'idar a ɗauke ta a bi inuwa. Ki zaɓi ta ƙasa mai faɗin baki santimita 30 zuwa 35, a huda ƙasanta wuri uku ko huɗu. Baƙar roba da gwangwanin ƙarfe suna gasa saiwa. Ki ɗora ta a kan bulo ko katako kada ta taɓa siminti, da bazara kuma ki saka ta cikin wata babba ki cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Shukar tukunya ruwa kullum take so da rani, taki kuma ƙaramin cokali ɗaya a kowane zagaye.

Bayan shekara 3 gindin zai cunkushe, tsakiyarsa ta daina fure, domin a wannan shuka sababbin kawuna ne ke fitar da sandar maimaici. A Nuwamba ki tono shi gaba ɗaya, ki wanke ƙasar har ki ga wuyan, ki raba da hannu ko da wuƙa, kowane yanki da kai 2 ko 3 da saiwarsa. Ki bar wurin yankan ya bushe yini guda a inuwa kafin dashe. Kada ki yi wahalar shuka iri, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba, kuma babu tabbacin zai gaji maimaita furen. Naki biyun nan da suka sha wuya kada ki raba su bana, ki mayar da kowanne yadda yake, sai kin ƙirga kai 6 ko fiye a gindi ɗaya sannan ki sa masa wuƙa.